Kwalta Ta Tsaya a Ƙofar Usman

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Baba Haruna mai shayi, daga unguwar Faisal a Alƙahira. Ban yi boko ba, faɗa na yi aka rubuta mini.

Bara aka ce za a sake titinmu, kowane mai gida ya biya gwargwadon faɗin gaban gidansa. Nawa mai faɗi ne, ba bene. Na maƙwabcina Usman siriri ne, amma bene ne cike da 'yan haya. Wai ni zan fi shi biya! Na ce wallahi ba zan biya ba, khalas, magana ta ƙare.

Usman ɗin nan, ni na tarbe shi da ya zo daga Sudan da jaka ɗaya. Ya biya nasa yana dariya. Aka shimfiɗa kwalta har ƙofarsa, aka tsallake tawa. Yanzu motocin haya a gabansa suke tsayawa, har ya kafa teburin shayi. Ɗaliban da ke sha wajena duk sun koma can. Jiya ya ce mini, "Ma'alish Baba, yi haƙuri, zo ka sha, kyauta ne."

Jama'a, in biya yanzu ya ga na sunkuya? Ina gaida kowa a Faisal, ban da Usman.