Tatsuniya da Rana

A bencin jira na wani asibiti a Maamobi, wata tsohuwa ta leƙa wayar budurwar da ke gefenta.

"'Yata, me ke sa ki murmushi a asibiti?"

"Labari nake karantawa, Hajiya. Ƙagagge ne."

"Tatsuniya da rana tsaka? Mu an ce mana mai yin ta da rana ɓata yake yi."

"Ai ɓatan nake nema. Mamata ce a ciki, har yanzu likita bai ce komai ba. Da na ajiye wayar sai gabana ya fara faɗuwa."

"Allah ya ba ta lafiya."

"Amin."

"Ni dā jikokina ke kewaye ni, ina ba su tatsuniya. Yanzu kowa da wayarsa, gida kamar an yi rasuwa. Hawan jinin nan ma ina jin shirun ne ya kawo shi." Ta gyara mayafi. "Matso, karanta da ƙarfi. Idona ba ya gani."

"Hajiya, rana ce fa."

"Karanta kawai. In na ɓata, ma ga ko za su ɗago kai su neme ni."