Kalma Ɗaya a Gaban Alƙali

Malam mai gabatar da shiri, assalamu alaikum. Daga unguwar Tandabawi a Makka nake rubuto maka.

Ranar Litinin alƙali ya sake ɗage batun Habiba, karo na huɗu. 'Yar yayana ce, shekarunta bakwai. Uwarta ta rasu a hanyar zuwa Makka, ubanta kuma bayan hajjin bara. Ina neman sakki, wato takardar kotu mai nuna riƙonta na hannuna. In babu ita, Habiba ba za ta shiga iƙamata ba, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, balle makaranta.

Na kai takardar mutuwa da hatimin mai unguwa da shaidu biyu. Alƙali ya tambayi na farko, Baba Ɗanjuma, "Mece ce yarinyar nan a wurinsa?" Tsoho ya ce, "'Yarsa ce mana." Tafinta ya juya da Larabci yadda ya ji. Alƙali ya ajiye alƙalami, ya ce takarda ta ce marainiya, shaida kuma ya ce ga uban a tsaye. Ya ce shari'a ta yarda da riƙo, ba ta yarda a sauya wa yaro uba ba.

Na bayyana cewa a Hausa 'yar ɗan'uwanka 'yarka ce, amma an riga an rubuta. Da muka fito, Baba Ɗanjuma ya ce, "To 'yar wa zan ce? Ta maƙwabci?"

Na gaji da zirga-zirga. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni shawara. Ina gaida 'yan'uwa na unguwar Hindawiyya.

An ce za a saurari sabon shaida bayan Salla. Har yau magatakardan kotu bai tabbatar da ranar ba.