Takalma a Ƙofar Coci

A tashar motar Ganghwa a Koriya ta Kudu, tsohuwa Bang Sun-rye ta lura mutumin da ke zaune kusa da ita yana leƙen wayarta.

"Kalla da kyau, ɗana, ba a biya. Ni na ɗauka."

"Hoton takalma, Kaka?"

"Na ƙofar cocinmu na Angilikan. Shekara goma limaminmu yana sa hoton rufin ginin a intanet. To, rufi ne irin na da, kowa ya gani sai ya ce ɗakin ibadar Buddha ne. Baƙi su zo su ɗau hoto, su tambayi ina gunki, su tafi."

"Shi ne kika koma kan takalma?"

"Ai ba a shiga da su, a ƙofa muke tuɓewa. Na ce a nuna wa duniya akwai mutane a ciki. Kwamitin coci suka yi ta dariya, wai tsufa ya taɓa ni. Ranar farko takalman mutum tara na ɗauka na sa a intanet. Lahadin da ta wuce sai da aka ƙaro kantar ajiye takalma!"

Mutumin ya sa yatsa kan hoton.

"Waɗannan shuɗayen na roba, masu ɗinki a dunduniya..."

"Na Yeom Bok-sun ne."

"Mahaifiyata ce, ni na saya mata. Shekara shida rabona da gida."

Sun-rye ta buga cinya.

"Kai ne ɗan banzan da take sa mu yi wa addu'a? Tashi, ga mota! Ka zauna kusa da ni, a gaban kwamiti zan ajiye ka, su ga aikin hoton takalma."