An Tare Yayana a Ƙofar Coci

Salama a gare ka mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Ni ce Saratu daga Sintali B, kuma raina a ɓace yake.

Yayana Bitrus ya shekara goma sha biyu yana shan burkutu, ko hanyar coci ba ya bi. Ranar Asabar ya zo gidana daga Iware yana kuka, ya ce, "Saratu, zuciyata ta hana ni sakat. Gobe ki raka ni sujada." Ba wanda ya yi masa wa'azi, Ruhu Mai Tsarki ne ya taɓa shi.

Da safe na ba shi rigar maigidana muka tafi. A bakin ƙofa wani dattijon ikkilisiya ya tare shi, ya ce, "Kai, nan ba mashaya ba ce. Je ka gyara halinka tukuna." A gaban 'yan zumuntar mata! Yaya ya sunkuyar da kai, ya juya ya nufi tasha. Har yau bai ɗaga wayata ba.

Baba dattijo, in kana ji, wa ya gyara halinsa kafin Yesu ya mutu dominsa? Kai ne? Alherin da aka ba ka kyauta kake hana wani?

Abin da ya fi ci mini rai, na san ƙaunar nan ta haɗa har da dattijon, ni kuwa na kasa gaishe shi. Jama'a, ku ba ni shawara, yaya zan dawo da yayana alhali ni ma ban yafe ba?

Yaya Bitrus, in rediyonka na kunne, ba Yesu ne ya kore ka ba.