Warin Busasshen Kifi

Gidan abincin 'yan Bangladesh da ke unguwar Hor Al Anz ya cika maƙil, dole Ɗalhatu ya raɓa teburin wani dattijo ɗan Ghana.

"Baba, warin kifin nan bai dame ka ba? Gida ɗaya nake da mutanen nan. Sai da na kai ƙararsu wajen mai gida aka hana su dafa shi."

"To me ya kawo ka, ɗana?"

"Hanya ce kawai ta biyo da ni."

Sai ga mai kawo abinci ya dire wa Ɗalhatu shinkafa da dakakken busasshen kifi. "Naka na kullum, habibi."

Dattijon ya turo masa ruwan wanke hannu. "Lallai hanyar nan ta saba da kai. Bismillah."