Rasha da Mai Gasa Burodi

A motar zuwa garin Irbid, tsohuwar da ke gefen wata budurwa mai suna Rasha ta ƙura wa zoben baikon budurwar ido.

"Barka, 'yata. Yaushe bikin?"

"Jibi, Hajja. Babana ya ce ba zai zo ba." Rasha ta ƙara da cewa, "Yana Amurka, ya nema min takardar zama. In na yi aure kafin layin masu jira ya zo kaina, takardar ta lalace."

"To ki ƙara haƙuri mana!"

"Haƙurin ne ya fito min da furfurar nan."

"Angon me yake yi?"

"Gasa burodi."

"Ki yar da Amurka saboda mai burodi?"

"Shi kullum sai ya tambaye ni ko na karya, Hajja. Amurka ba ta taɓa tambaya ba."