Dilawar Cheema, kyaftin ɗin da ba mu raka ba

Mai girma shugaban ƙungiyar kurket ta ƙasa, malam liman, dattawanmu na unguwannin Ruwi da Matrah a nan Maskat, Hajiya Rukhsana matar marigayi da ɗanta Shahzeb da suka taso tun daga Sialkot, 'yan wasa na da da na yanzu, assalamu alaikum.

An ce ni zan yi magana don ni na fi daɗewa tare da Dilawar Cheema a fili. Na karɓa, amma kaina a sunkuye yake.

Dilawar ya zo Maskat yana saurayi, mai gyaran wutar lantarki. Lokacin ba mu da filin ciyawa, sai tsakuwa da ɗan dandamalin siminti. Ya kasance kowace Juma'a shi ke riga kowa zuwa, yana tsince duwatsu da hannunsa. Ni yaron unguwa ne da bai san komai ba sai ƙwallon ƙafa. Ya miƙo mini katakon bugu ya ce, "Ƙanena, riƙe shi da kyau, ba akuya za ka kora ba."

Ya kasance kyaftin ɗinmu ranar da aka fara kiranmu ƙungiyar ƙasa. Da muka fita waje karon farko, abokan karawarmu suka yi ta tsokana, wai ga masu gyaran fanka sun zo. Dilawar ya ce mana, "Ku bar su, yau za mu kashe musu wuta." Da jifansa ya fitar da manyan masu bugunsu, muka dawo da nasara. Duk kofunan da ke jere a bayan mai girma shugaba daga wannan rana suka samo asali.

Ya kasance mai koyar da 'ya'yanmu kyauta. Rabin yaran da ke wakiltarmu yau shi ya gyara musu tsayuwa.

Sai tsufa ya zo, aikinsa ya ƙare, takardar zamansa ta ƙare tare da shi. Ya tattara kayansa zai koma Sialkot, garin da ya bari tun ƙuruciya. A satin nan muke bikin buɗe sabon filin ciyawa, muna shan gahawa da alewar halwa. Kowa ya ɗauka wani ne zai raka shi filin jirgi. Tasi ya shiga shi kaɗai.

Hajiya, jiya kika kira ni gefe kika ba ni wani ƙunshi. Na buɗe, sai ga rigarsa ta ƙungiyar ƙasa, a wanke, a goge. Kika ce da ciwo ya yi tsanani ya ce miki, "Ki mayar musu. Ta ƙasarsu ce, ni aro aka ba ni."

Yau a gaban kowa nake cewa ba aro ba ce, da guminsa ya saye ta, mu ne muka sa ya yi wannan zato. Shahzeb, taso ɗana, karɓi rigar mahaifinka. Ku yafe mana idan za ku iya.

Mun gode da kuka amsa kiranmu. Allah ya jiƙan Dilawar, ya haskaka kabarinsa, ya karɓe shi a gidan da ba a cewa baƙo ya tashi. Amin.